Tsohuwar Landiroba da Masu Tayar da Ita

A cikin kalmomin da Hausa ta aro daga Ingilishi a zamanin mulkin Turawa akwai rukuni guda mai yawa wanda ya shigo ta bakin direbobi da makanikai. Birki da giya da kuloci da sitiyari da totur da lagireto da salansa duk ta wannan ƙofa suka shigo, sun kuwa zauna daram har ba a jin baƙuncinsu. A cikin wannan rukuni akwai sunan wata mota, Landiroba, wadda masu ƙera ta suke rubutawa Land Rover. Duk wanda ya yi wayo a ƙasar Hausa tsakanin 1950 da 1980 ya san ta, domin ita ce motar rangadi. Ita Di'o ke shiga ya zaga gunduma, ita ce ta 'yan sanda da ma'aikatan En'e da malaman gona da malaman dabbobi, kuma a ƙauyuka da dama ita ce motar farko da ta taɓa ajiye sawu a ƙofar gidan dagaci. Yau sunan ya fi motar yawa a tsakaninmu, da wuya mutum ya yini a bakin titin Kano ko na Maraɗi ya ga irin waccan tsohuwa ta wuce.

A ƙasar da aka ƙera ta kuwa, wato Ingila, al'amarin ya sha bamban. Can akwai mutane masu yawa waɗanda ba da kanikanci suke ci ba, wani likita ne, wani akawu, wani malamin makaranta, amma sai ka ga mutum ya sa kuɗinsa ya sayi mushen Landiroba wadda ciyawa ta tsiro a cikinta, ya jawo ta garejin gidansa, ya kwance ta noti-noti, ya yi shekara biyu ko biyar yana fama da ita a ranakun hutu har ta tashi. Hausa ba ta da kalma guda tak da ta tattara irin wannan aiki da mutum ke ɗora wa kansa ba don riba ba. Mafi kusa ita ce sha'awa, irin wadda ke sa mutum kiwon tantabara ko ɗaure doki alhali ba shi da sarauta.

Manufar wannan maƙala ita ce a bi tarihin wannan sha'awa, a ga abin da ya sa ta fi kama Landiroba da 'yan'uwanta masu ja da ƙafa huɗu, sa'an nan a duba gardamar da ta raba kan masu yin ta. Abin da ya kamata mai karatu ya riƙe tun daga farko shi ne, ƙuncin da Ingila ta shiga bayan Yaƙin Duniya na Biyu shi ya haifi motar, shi ne kuma ya ba ta siffar da ta sa har yau mutum ɗaya da akwatin sifanunsa zai iya kwance ta ya mayar.

Jif ce uwa

A tsakiyar shekarar 1940 rundunar sojan Amurka ta aika wa kamfanoni 135 da buƙatar wata ƙaramar mota mara nauyi mai ja da ƙafa huɗu, aka ce a kawo samfurinta cikin kwana 49. Ma'anar ja da ƙafa huɗu ita ce injin ya riƙa juya ƙafafun gaba da na baya baki ɗaya, ta yadda in biyu sun kafe a taɓo ko rairayi sauran biyun za su taimaka a fita. Wani ƙaramin kamfani mai suna Bantam, a garin Butler na jihar Pennsylvania, shi ya cika wa'adin a watan Satumba. Amma da yake ba shi da ƙarfin ƙera ta da yawa, sai babbar kwangilar ta faɗa hannun Willys da Ford, waɗanda kafin ƙarewar yaƙin a 1945 suka ƙera fiye da 600,000. Ita ce motar da muke kira jif. Sojojinmu da aka kai yaƙin Bama sun san ta sani na kusa, domin Runduna ta 81 ta Afirka ta Yamma ce ta sare daji da duwatsu ta buɗe mata hanya mai tsawon mil 70 da 'yan kai zuwa kwarin Kaladan.

Da yaƙi ya ƙare aka yi ta gwanjon waɗanda suka rage. A ƙasar Filifin aka tsawaita su aka ƙawata su suka zama motocin haya, a Faransa kuma kamfanin Hotchkiss ya ci gaba da ƙera irinta da izini daga 1955 zuwa 1966. Guda ɗaya daga cikin na gwanjon ta faɗa hannun wani Bature mai suna Maurice Wilks, babban injiniyan kamfanin motoci na Rover, wanda yake da gona a tsibirin Anglesey na ƙasar Wales. Ya same ta da amfani ƙwarai a aikin gona, sai dai ta tsufa, kayan gyaranta kuma sai daga Amurka. An ce a 1947 ne ya zana siffar wadda za ta gaje ta a kan rairayin bakin teku, yana nuna wa ɗan'uwansa Spencer, wanda shi ne shugaban kamfanin.

Motar wucin gadi

A wannan lokaci kamfanin Rover yana cikin tsaka mai wuya. Jiragen Jamus sun lalata masana'antarsa ta Coventry, ya koma Solihull kusa da Birmingham, cikin wata makekiyar masana'anta da aka gina don injinan jiragen yaƙi. Gwamnati ce ke raba ƙarfe, ba ta kuwa bayarwa da yawa sai ga wanda ke sayar da kaya a ƙasashen waje ya kawo kuɗi. Motocin Rover na alfarma ne, babu mai neman su sosai a waje. Saboda haka aka yanke shawarar a ƙera wata motar aikin gona wadda za ta riƙe kamfanin shekara biyu ko uku kafin al'amura su daidaita. Tun da ta wucin gadi ce, ba a yarda a kashe mata kuɗi ba.

Nan ne rashin uwa ya sa aka yi uwar ɗaki. Babu ƙarfe isasshe, amma akwai alminiyam, wato goran ruwa, wanda masana'antun jiragen sama suka saba da shi, sai aka yi jikin motar da shi. Babu kuɗin sayen manyan injina masu matse falle su ba shi lanƙwasa, sai aka bar fallayen a miƙe, ana naɗe bakinsu kurum, shi ya sa Landiroba take kamar akwati. Shasi kuwa, wato firam ɗin da ke ɗauke da nauyin mota duka, maimakon a matse shi sai aka yanka dogayen fallayen ƙarfe huɗu aka haɗa su da walda suka zama kamar bututu mai kusurwa huɗu. Har fentin farko, wani kore mai haske, ragowar na jiragen yaƙi ne. Samfurin gwaji na 1947 a kan shasin jif aka ɗora shi, sitiyarinsa kuma a tsakiya kamar na tarakta, amma ba a ci gaba da wannan ba.

Ranar 30 ga Afrilu, 1948, aka nuna ta ga jama'a a bajekolin motoci na Amsterdam. Tazarar da ke tsakanin ƙafafunta na gaba da na baya inci 80 ce, injinta na fetur ne mai lita 1.6, kuɗinta fam 450, ƙofofi da tamfol ɗin rufi kuwa sai mai saye ya ƙara kuɗi. A bayanta ana iya haɗa sanda mai juyawa don tayar da injin sussuka ko zarton katako. Kafin a kai ko'ina motar wucin gadi ta fi sauran motocin kamfanin kasuwa. Aka tsawaita ta a 1954 da 1956, aka yi mai shan dizal a 1957, samfuri na biyu ya fito a 1958, na uku a 1971, a 1976 aka cika miliyan ɗaya. Daga 1990 aka raɗa wa jikanyarta suna Defender, wadda aka ci gaba da ƙerawa a Solihull ɗin dai har ranar 29 ga Janairu, 2016, bayan an haura miliyan biyu. Shekara 68 ke nan ana ƙera mota mai tsari kusan iri ɗaya.

Yadda sha'awar ta taso

Ba a fara da tattalinta ba. A shekarun 1960 da 1970 tsohuwar Landiroba mai inci 80 abin yarwa ce, matasa kan saye ta da arha su yanke mata jiki su shiga gasar hawan tudu da ratsa taɓo da ita. Yawancin waɗanda suka salwanta a lokacin suka salwanta. Kaɗan ne suka farga da wuri. A 1968 wani mai suna Brian Bashall ya fara tara baƙin samfurori da na gwaji waɗanda kamfanin kansa bai damu da ajiyewa ba, tarin da yau aka sani da sunan Dunsfold a lardin Surrey. A 1979 kuma masu samfurin farko suka kafa ƙungiyarsu. Daga nan mujallu suka biyo baya, da kasuwannin tsofaffin kayan gyara da ake ci a filaye, da ƙananan masana'antu masu sake ƙera abin da ya ɓace.

In aka tambaya me ya sa ita, amsar tana cikin waɗancan dabaru na ƙunci. Jikin alminiyam ba ya yin jar tsatsa, saboda haka motar da ta shekara 30 a bayan rumbu takan ci gaba da kama da mota, har ta ja hankalin mai wucewa. Jikin ba a narke yake da shasi ba kamar na motocin yanzu, da noti aka ɗaure shi, mutum biyu sai su ɗauke shi gunduwa-gunduwa. Babu kwamfuta a cikinta, wayoyin wutarta kaɗan ne. Sa'an nan daɗewar tsarin ta sa kayan wata shekara kan shiga motar wata. A 1992 kamfanin ya yi iƙirarin cewa kashi 70 cikin 100 na duk waɗanda ya taɓa ƙerawa suna aiki. Wannan dai magana ce ta mai talla, ba wanda ya bi duniya ya ƙirga, amma da babu ƙamshin gaskiya a ciki da an yi masa dariya.

Kada mai karatu ya zaci aikin wasa ne. Abin da ido ke gani lafiya lau, ciwon yana ƙasa. A Ingila ana watsa gishiri a kan tituna lokacin hunturu don narkar da ƙanƙara, ruwan gishirin da taɓo su shige cikin bututun shasi su ci shi daga ciki, har mutum ya soka sukundireba ta wuce. Haka bangon ƙarfen da ya raba injin da mazaunin direba, shi ma ruɓewa yake yi daga wajen ƙafafu da ginshiƙan ƙofa. Bugu da ƙari, duk inda alminiyam ya haɗu da ƙarfe kuma danshi ya shiga tsakani, sai alminiyam ɗin ya riƙa zama farin gari, shi ya sa ƙasan ƙofofi ke hujewa. Mai gyara yakan fara da ɗaukar hoton kome, ya kwance, ya sa kowane noti a jakarsa da rubutu. Sifanu ma sai ya tanadi iri uku, domin motocin farko da tsohon awon Ingila aka ɗaure su, na tsakiya da awon inci irin na Amurka, na baya-bayan nan da awon milimita, tsohuwar mota kuwa wadda ta bi hannu goma takan haɗa duka ukun. Bayan nan sai babbar shawara, ko a yi wa tsohon shasi faci da walda, ko a sayo sabo wanda aka tsoma cikin narkakkiyar tutiya kamar yadda ake yi wa kwanon rufi. A kan wannan shawara gardama take farawa.

Gardamar masu gyara

Kashi na farko su ne masu son a mayar da mota kamar ranar da ta fito daga Solihull. Waɗannan sukan yi wata guda suna binciken launin fenti ko siffar kan noti na shekara kaza, kuma a wurin baje koli alƙalai kan sunkuya su leƙa ƙarƙashi. Aibin da ake faɗa musu shi ne sukan wuce gona da iri, su fitar da mota mai santsi da ƙyalli irin wanda masana'antar 1948 ba ta taɓa iyawa ba, sa'an nan tsoron ƙura ya hana su hawanta. Kamfanin kansa ya shiga wannan sahu a 2016, lokacin da ya sanar cewa zai tayar da 25 na samfurin farko ya sayar. Da yawa daga irin waɗannan motoci daga Ostareliya ake komo da su, inda aka kai su tun farko don aikin gona da manyan ayyukan madatsun ruwa, busasshiyar ƙasa kuma ta kare su daga tsatsa.

Kashi na biyu su ne masu canzawa. Hujjarsu ita ce motar aiki ce, mai ita na farko ma da ya sami abin da ya fi da ya sa mata. Sukan cire tsohon inji su dasa babba mai silinda takwas, wanda Rover ya sayi haƙƙinsa daga kamfanin Buick na Amurka, ko kuwa injin dizal mai tabo na wajen 1990. Sukan sake sifirin don rage jijjiga, su ƙara giyar gudu, su ɗaga motar sama, su sa mata manyan tayoyi da na'urar jan igiya a gaba. A 'yan shekarun nan har akwai masu cire injin ɗungurungum su sa batir da injin lantarki. A ganina babu laifi a yi wa samfuri na uku haka, tun da an ƙera shi da ɗimbin yawa, amma wanda ya yanka mai inci 80 a yau ya yi ɓarna, ko da kuwa da kuɗinsa ya saya.

Kashi na uku sun fi jinkirin bayyana, su ne masu cewa a gyara abin da zai sa mota ta yi tafiya lafiya, a bar mata tabonta. Lotsawar da saniya ta yi wa ƙofa, da fentin da rana ta kaɗe, da sunan gonar da ya dushe a jiki, a wurinsu su ne tarihin, wanda ya goge su ya goge shaida. Motoci uku ne suka ɗaga darajar wannan ra'ayi. Ta farko ɗaya ce daga cikin waɗanda aka nuna a Amsterdam a 1948, wadda ta ɓace shekaru masu yawa sai a 2016 aka same ta a wani lambu 'yan mil kaɗan daga Solihull. Kamfanin ya tayar da ita, ya kuwa bar mata tsohon fentinta. Ta biyu ita ce mai lamba JUE 477, motar farko da aka ƙera don sayarwa, mai lambar shasi 860001. Wani manomi na lardin Northumberland ya saye ta a 1970, ta ƙare a yashe a gonarsa har ta kusa rabewa biyu. A 2017 attajirin nan Jim Ratcliffe ya saye ta, masu gyaran kuma suka ƙi sake shasin, suka bi ruɓaɓɓen suna ceto duk abin da zai cetu, aikin da ya fi sayen sabo tsada nesa ba kusa ba.

Ta ukun labarinta ya fi daɗi. Ranar 1 ga Satumba, 1955, ɗalibai shida na jami'o'in Oxford da Cambridge suka tashi daga Landan da Landiroba biyu, suka bi ta ƙasa har Singafo, inda suka isa ranar 6 ga Maris, 1956, bayan tafiyar wajen mil 18,000. Daga baya aka kai ɗaya daga cikin motocin, mai lamba SNX 891, tsibirin Ascension don aikin masu nazarin tsuntsaye, daga can ta gangara tsibirin Saint Helena a tsakiyar tekun Atlantika, inda ta ƙare a wargaje. A 2017 wani mutumin Yorkshire ya kwaso ta ya tayar da ita ba tare da ya ɓoye shekarunta ba, a 2019 kuma aka tuƙo ta daga Singafo zuwa Landan cikin kwana 111.

A ƙarƙashin wannan gardama akwai tambaya guda. In an sake shasi, an sake inji, an sake rabin jiki, shin motar nan ita ce? Bahaushe ba zai ga baƙon abu a nan ba, domin gidan ƙasa da ake yi wa yaɓe kowace shekara, a rushe wannan ɗaki a ta da wancan, bayan shekara 100 da wuya a sami tubali guda na asali, amma ba mai cewa ba gidan kakansa ba ne. Sai dai a dā hukuma ba ta aiki da irin wannan fahimta. Har zuwa 2025, hukumar rajistar motoci ta Birtaniya ta daɗe tana amfani da wani lissafin maki, inda shasi ke da maki 5, inji kuwa maki 1 tak, sai mota ta tara 8 kafin ta riƙe tsohuwar lambarta. Wato a idon dokar wancan lokaci shasi ne motar. Batun yana da nauyi saboda kuɗi ne a ciki. Motar da ta haura shekara 40 ba ta biyan harajin hanya a can, kuma tun 2018 an ɗauke mata gwajin lafiya na shekara-shekara muddin ba a yi mata babban canji ba.

Inda kuɗi ya shiga kuwa algus ba ya nisa. Dokar Amurka ta hana shigo da motar da ba ta cika ƙa'idojin ƙasar ba sai ta shekara 25. Da farashin Defender ya tashi a can, sai wasu suka riƙa cire lambar tsohuwa su manna wa sabuwa. A 2013 jami'an kwastan suka kama guda a tashar jiragen ruwa ta Baltimore, suka sa injin ya murƙushe ta, suka watsa hoton don gargaɗi. Masu sha'awar jif ma suna da irin tasu matsalar, domin sau da yawa akan shafa wa ta Hotchkiss farin tauraron sojan Amurka a ce ta ga yaƙi, ga kuma sabon jiki da ake ƙerawa a Filifin ana aikawa ko'ina. Farashin kansa ya kori waɗanda suka fara abin. Defender ta cikon miliyan biyu fam 400,000 aka saye ta a gwanjo a watan Disamba na 2015, tsohuwar mai inci 80 kuma wadda dā ake bai wa yaro kyauta ta koma kayan masu hali.

Namu gyaran

A ƙasar Hausa an yi gyaran Landiroba mai yawa, har an taɓa harhaɗa ta a Nijeriya, a masana'antar Leyland ta Ibadan. Sai dai namu gyaran na larura ne. Bakanike a gindin bishiya yakan yanka gasket daga kwali, ya ɗaure sifirin da tsohuwar roba, ya dasa injin wata mota dabam in na asali ya buga, duk don gobe a kai kaya kasuwar ƙauye. Ta fuskar fasaha babu abin da mai garejin Ingila zai nuna masa, hasali ma wanda ke tayar da mota ba tare da littafi ko kayan asali ba shi ya fi cancantar yabo. Bambancin shi ne ba wanda ya biya shi don ya adana, kuma ba wanda ya rubuta abin da ya sani.

Daga shekarun 1970 motocin Jafan suka fara ture ta. Toyota ta fara ƙera tata mai ja da ƙafa huɗu a 1951, ta raɗa mata suna Land Cruiser a 1954, kuma a daidai lokacin da masana'antun Ingila ke fama da yajin aiki da raguwar inganci, ita ta zo da inji mai ƙarfi da kayan gyara masu samuwa. A hanyoyin Agadas da hamada ita ta gaje filin, har yaƙin da Chadi ta yi da Libiya a 1987 aka laƙaba masa sunan Toyota. Tsofaffin Land Cruiser ɗin nan na shekarun 1960 da 1970 su ma yanzu sun shiga hannun masu sha'awa a Amurka da Ostareliya, ana sayen su da tsada.

Abin lura shi ne, yanayinmu ya fi na Ingila tausaya wa ƙarfe. Ba mu watsa gishiri a titi, rani kuma ya fi damina tsawo, don haka shasin da zai ruɓe can cikin shekara 20 a nan yana iya ninka haka. Amma alminiyam ɗin da ya ceci motar a can shi ne ajalinta a nan, saboda yana da daraja a kan sikelin 'yan gwangwan, makomarsa kuma sananniya ce ga duk wanda ya taɓa shiga Panteka a Kaduna ko Ƙofar Ruwa a Kano: a narka, a zuba tukunya da ludayi. Ba za a zargi mai narkawa ba, sana'arsa yake yi, tukunyar kuma amfani take yi. Amma in aka dubi gidajen tarihinmu za a ga motar da aka fi sani a cikinsu ita ce Marsandin da aka harbe Janar Murtala Muhammed a ciki ranar 13 ga Fabrairu, 1976, wadda ke ajiye a Legas. Motar da ta kai allurar shanu rugage, ta kai akwatin zaɓe da majigi ƙauyuka, ita ma shaida ce ta wani zamani, kuma gidan tarihi irin Gidan Makama ba zai rasa inda zai ajiye guda ɗaya ba, da rubutun ma'aikatar da ta yi wa aiki a jikin ƙofarta.

Wanda ya ci karo da irin wannan mota a bayan tsohuwar ma'aikata ko a kangon gidan wani basarake yana iya gano asalinta. Akwai ɗan allon ƙarfe mai lamba a jikin bangon da ke gaban direba, a samfuri na biyu da na uku kuma an buga lambar a jikin shasin kansa, kusa da inda sifirin ɗin gaba na hannun dama ya kama, sai an kankare datti kafin ta fito. Littattafan masana'antar Solihull suna ajiye a gidan tarihin motoci na Birtaniya da ke Gaydon, inda motar gwaji ta farko mai lamba HUE 166 take. In aka aika musu da lambar, sukan duba su ba da takarda mai nuna ranar da aka ƙera motar, da launinta na asali, da ranar da ta bar masana'anta, da inda aka aika ta.